Jan Layin Manaja

Wanda bai taɓa ganin Manajan gidan abincin nan ba, to bai ga ilimi yana tafiya da ƙafa biyu ba. Mutum ne mai kula da lafiya matuƙa. Taba ba ta taɓa hawa leɓensa ba, kuma kowa ya sani, don kullum sai ya faɗa. Ma'aikata kan kira shi Gwamnan Iska, a bayan ido.

Da aka dame shi da ƙorafin hayaki, sai ya zauna ya yi tunani irin na manya. Ya sa aka sayo jan fenti, aka ja layi a tsakiyar falo. Dama masu shan taba, hagu marasa sha. Ya tara ma'aikata, ya gyara wuyan kwat.

"Daga yau na raba iska gida biyu," in ji shi. "Abin da ya gagari masana, ni na gama shi da gwangwanin fenti ɗaya."

Aka yi tafi. Hayaki kuwa, da yake ba a gayyace shi taron ba, ya ci gaba da yawonsa har cikin kicin.

Cikin masu kai abinci akwai wata mai tsohon ciki, wadda ke wuni da tire a ɓangaren dama. Tari ya sa ta gaba, likita kuma ya ce ta nisanci hayaki saboda abin da ke cikinta. Tsoro ya kama ta sosai. Ta roƙi Manaja ya mayar da ita teburan da ke waje.

"Haba 'yata!" Ya yi murmushin tausayin jahilai. "Ke kike sha? In ya dame ki, tsallaka layi ki shaƙi iska ki dawo. Ni ma nan nake wuni, ga ni garau."

Garau ɗin a ofis yake wuni, ƙofa rufe, na'urar sanyi na hura masa ƙeya.

Ran nan da rana sai ga 'yarsa ta cikinsa ta kawo masa ziyara, ɗauke da jaririnta. Ba ta same shi a falo ba, ta ja kujera ta zauna a hagu, dab da layi. A gefenta, ta ɓangaren dama, wani mai tumbi na busa taba hankali kwance.

Manaja ya leƙo. Ashe wanzami ba ya son jarfa. Ya zabura har takalmi ɗaya ya cire, ya fizge jikan ya rufe shi da kwat, yana ihu.

"Kina da hankali kuwa? Ba ki ganin hayaki? So kike ki kashe mini jika? Waje! Waje!"

Mai tumbi ma ya manta da tabar a baki.

Mai cikin ta matso a natse, ta ɗan rusuna cikin ladabi.

"Yallaɓai, ai a hagu suke."

Manaja ya miƙa wa 'yarsa jaririn, ta yi waje da shi. Kafin ya sauke hannuwa, sai ya ji an ɗora masa tire mai zafi.

"Teburi na kusa da taga ke jira, yallaɓai," ta ce, tana dafe da cikinta. "Bari ni ma in fitar da nawa."