Turancin da Ya Kashe Alhaji Namadi

"Daga nan Sanyinna har Tambuwal, duk wanda ya fi ni Turanci, to Bature ne ya haife shi!"

Abin da Mu'awiya mai cajin waya ke faɗa ke nan kullum, yana gyara zaman gilashinsa wanda ba na magani ba. Abokina, in ka ga yadda yake murɗa baki sai ka rantse a Landan aka yanke masa cibi, alhali iyakar tafiyarsa Kebbe. Samarin gari suna ce masa Ƙamus don tsiya, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Ran kasuwar Dogon Daji, Alhaji Namadi, wani dattijo mai shanu, ya bar wayarsa caji a rumfar Ƙamus, ya tafi sayen rago. Da hantsi gogan naka Ƙamus ya tara majalisa yana ba su darasi.

"Ku saurara, jahilai. Kalmar tafiya kashi-kashi ce. Go na yara ne. Went na talakawa. Gone kuwa na manya ne, masu furfura. Duk wanda ya ce ma dattijo went, ya zage shi."

Isah mai shayi ya ce, "To going fa?"

"Wanga sai an je jami'a. Koma ga butarka."

Ana cikin haka wayar Alhaji ta yi ƙara. Abdulhakeem ne, ɗansa da ke aiki a Fatakwal. Ƙamus ya fizge ta, ya buɗe murya don kowa ya sha kallo.

"Salamu alaikum, Baba?"

"Hello! Mu'awiya speaking. English only!"

Abdulhakeem ya yi dariya, ya tambaye shi da Turancin ina babansa.

Ƙamus ya kashe wa majalisa ido. "Your father is gone."

Abdulhakeem ya ce, "Mi ka ce? Yaushe? Bai da lafiya ne?"

"No sick. He eat, he laugh, he gone."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Wayar ta katse.

Ƙamus ya bugi ƙirji. "Kun ji ko? Mai digiri ne, amma Turancin da nika yi ya sa shi salati."

To ni da kai mun san in aka ce mutum is gone, ya riga mu gidan gaskiya ke nan. Kafin azahar Abdulhakeem ya kira dangi kaf. Motoci suka cika daga Fakku da Kebbe. Dada, matar Alhaji, ta suma aka yayyafa mata ruwa. Aka baza tabarmi a ƙofar gida, ana jiran a kawo gawa daga inda ba wanda ya sani.

Da labarin rasuwar ya iso rumfar caji, ko kaɗan Ƙamus bai gane daga bakinsa ya fito ba. Ya rufe rumfa, ya je ya fi kowa kuka.

"Ni ne na ƙarshe da ya gan shi! Wallahi tun da safe na ga alamar a fuskatai!"

Bai rufe baki ba sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya. Alhaji Namadi ya sauko rungume da rago. Jama'a suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya bar hula, liman ya haye katanga kamar ɗan shekara ashirin.

Alhaji ya duba tabarmi. "Subhanallahi! Wa ya rasu?"

Isah ya leƙo daga bayan rumbu. "Kai, Alhaji."

Aka bi sawun magana, ta miƙe har bakin Ƙamus. Dada ta fito da muciya.

"Haƙuri, Hajiya! Ɗan tuntuɓen harshe ne. Alhaji ya makara ne kawai a kasuwa. Yanzu nika gyara ta."

"Ka yi da Hausa," in ji Alhaji.

"Abin da Turanci ya ɓata, Turanci ka gyara shi." Ya danna kira. Abdulhakeem ya ɗauka, yana sharar hawaye cikin motar Sakkwato.

Ƙamus ya yi gyaran murya. "Correction! Your father is not gone. Your father is late."

Abin da bai sani ba, late ɗin nan da yake nufin makara, shi ne kuma marigayi. Sai kuka ya sake ɓarkewa a wayar, har ragon ya firgita.

Alhaji ya miƙa wa Isah igiyar rago, ya sunkuya a hankali ya cire takalminsa.

"Ku riƙe mani Ƙamus. Sau biyu ke nan yana kashe ni tun safe, ko abincin rana ban ci ba!"