Gawayin Ranka-ya-daɗe da Shinkafar Tambaya

Jama'a, yau da safe na yi firfita a gindin murhu har kafaɗata ta sage, ban ga ko jan ido na wuta ba.

Ga yadda aka yi. Makon jiya wani Ranka-ya-daɗe, uban talakawa, mai tausayin bishiyoyi, ya sauka Kura da jerin motoci da tirela cike da baƙin abu. Ya ce daga yau matanmu sun daina turara shinkafa da itace, ga gawayin zamani. Wai ƙanzon ɗanyen mai ne da ke saura a matatar mai, aka sake gasa shi. Ya ce kyawunsa na bin asalin man da aka zuba: wani man kan ba da ƙanzo mai tsabta, wani kuwa sai farar wuta da ƙarfe da wari.

Maƙwabcina Datti ya ɗaga hannu ya tambaya namu ɗan wane gida ne. Aka ce masa an kafa kwamiti.

Ni na fi kowa tafi. Na kinkimo buhu, na kuma hana uwargida Tambaya sayen itacen wannan makon, na ce mun waye.

Ita kuwa ta riga ta jiƙa shansherar mutane, wato shinkafar da ba a casa ba, rabin duro, wadda in ta wuce yau ba a turara ba tsami za ta yi, masu ita kuma su koma wa wata. Gawayi ya ce bai san zancen ba. Na hau keke neman kananzir, na tarar da layi kamar ana rabon Aljanna. A kan layin ne Datti ke gaya mini wani direba ya ce abin na masu narka alminiyon ne, an ƙone duk abin da zai kama wuta a jikinsa tun can. Ashe gasasshe muka kawo mu gasa.

Na dawo da galan wayam, sai na hango hayaƙi na tashi daga gidana. Na ce alhamdulillahi, ashe Ranka-ya-daɗe bai yi ƙarya ba.

Tambaya ko ɗago kai ba ta yi ba. “Malam, bencin ƙofar gida ne. In ka gaji da tsayuwa, ga buhunka nan, hau.”

Shinkafa dai ta tsira. Masu zuwa hira wajena da la'asar, don Allah kowa ya riƙo tabarmarsa.