Rasuwar Shiratama a Gangaren Unguwarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya da ya ƙi rufuwa, dattijo Kuramochi Shigezo, tsohon mai sayar da kifi a kasuwar garin Otaru, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar motarsa mai lantarki, Shiratama, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a gindin gangaren unguwarmu, bayan gajeriyar tafiya da ta yi ba direba.

Marigayiya fara ce sol, mai kunya. Ba ta taɓa yi wa kowa hayaƙi a fuska ba, ba ta taɓa tada jariri daga barci ba. In za ta tashi, iyakarta "huuum". In za ta ja da baya, "pin, pin, pin", kamar mai neman gafara. Aibinta ɗaya nauyi, don batirin cikinta ya fi na kowa ƙiba, kuma birkin ajiya ƙafafun baya kaɗai yake riƙewa. Mai ita ya san haka. Shi ya sa duk hunturu sai ya watsa tsakuwa daga akwatin bakin titi, ya murɗe sitiyari tayoyi su kalli dakali, sannan ya tokare tayar gaba da guntun katakon da ya sassaƙa da hannunsa.

Ranar da abin ya faru, ya dawo da ita daga kasuwa lafiya lau, ya yi mata duk wannan, ya shiga shan shayi. Bai kai rabin kofi ba ya hango ta taga tana sulalewa kan ƙanƙara, tsit, ko kukan ban kwana babu. Ta wuce gidan wanka, ta wuce mai sayar da awara, ta rungumi turken wuta. Ba wanda ya ji ciwo sai ita.

Katakon kuwa, ko sama ko ƙasa. A gurbinsa sai sawun takalmi ɗaya cikin dusar ƙanƙara, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe.

Mai makoki ba ya zargin kowa. Yana dai tunawa cewa maƙwabcinsa Nonomura, wanda ke kwara ruwan zafi a matakalarsa ya gangaro titi ya daskare, ya taɓa ce masa, "Kai tsoho, wannan firijin naka ya tare mini inda nake tara ƙanƙarar da na share." Yana kuma tunawa cewa surukinsa Tetsuro ya iso wurin kafin a kira shi. Da kuma cewa 'yarsa Chizuru, ko hawaye ba ta matso ba, ta ce, "Baba, ka manta ne kawai ba ka sa katakon ba. Ka miƙa lasin tuƙin nan ga 'yan sanda mu huta, bas ma kyakkyawa ce." Ta ba shi zuwa bayan jana'iza. In katako bai fito ba, tsufa ne ya kashe Shiratama, lasi kuma ya bi ta. Mutumin da ya yi rabin ƙarni yana hawa gangaren nan da lodin kifi, wai yau shi zai tsaya layin bas da 'yar jaka!

Marigayiya ta rasu ta bar wayar caji da ke rataye a bango, da tayoyin bazara huɗu, da burushin share gilashi, da lasin tuƙi guda wanda har yanzu yana da rai, yana kuma ɓoye inda mai shi kaɗai ya sani.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar da rana a gidansa, kafin janwe ta ɗauki gawa zuwa wajen masu yanka ƙarfe. Ba a buƙatar ambulan kuɗin ta'aziyya. Gishirin tsarki da bisa al'ada za a raba wa masu komawa gida daga makoki, ana roƙon a barbaɗa shi a kan gangaren, ya fi amfani a can.

Ana roƙon kowa ya zo da takalmin da ya sa ranar Talata, ya tuɓe a bakin ƙofa yadda aka saba. Mai makoki ba zai samu zama ciki da baƙi ba. Zai kasance a wajen takalma, da tabarau.

Dangi na jini ma ba a ɗauke musu ba.