Mazan aro a Tudun Arzika

Jiya na dawo Tawa daga ƙauyen kakata Tani da makogwaro a bushe, bayan na wuni ina tafa wa wani babba hannu a rana. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba, kuma malaminmu na lakkwal, wato makarantar boko, ya ce yarinya ba ta sa baki a zancen manya. To, ku yi mini afuwa, bakin ya riga ya shiga.

Rijiyar Tudun Arzika ta rufta tun ƙarshen damina. Masu gyara ta kuwa babu, domin ana gama yankan gero duk wani mai ƙarfi ya kama hanyar Abijan ko Kumasi. Tsofaffi suka rage, da mata, da jakunan da ke ɗauko ruwa daga wani gari. Sai aka ce wani babban gwamnati, Mai Babbar Riga, zai zo ya gani da idonsa, ya aiko magina da siminti.

Yaronsa, Mai Baƙin Tabarau, ya riga shi zuwa. Ya duba gari, ya ce abin kunya ne a tarbi maigida da tsofaffi marasa haƙora. Allah ya ƙara masa basira! Da safe sai ga kamiyo, babbar motar kaya, cike da 'yan dako da mahautan kasuwar Tawa, an jera su gaban masallaci.

Kaka ta ƙura wa Alƙasum mahauci, maƙwabcinmu a birni, ido.

"Kai kuma ɗan wa na?"

"Naki, Inna. Har la'asar."

"To ɗana, ina tsarabata?"

Mai Babbar Riga ya iso, ya yi jawabi. Ya ce a Faransa ya ga ƙauye guda, samari duk sun gudu birni, sai tsofaffi da karnuka. Amma ga namu nan, cike da ƙarti! Muka tafa. Ni ma na tafa, kada a ce ɗiyar lakkwal ta raina mutane.

Kaka ta dogara sanda ta matso. "Ranka ya daɗe, rijiyar fa?"

Ya dube ta, ya dubi ƙartin. "Baba, da waɗannan damatsan kuke jiran gwamnati? Mun sami 'yanci, kowa ya kama aiki! Siminti na garin da ba shi da maza ne."

Mazan aron suka fi kowa tafi. Mai Baƙin Tabarau yana ta goge tabaransa. La'asar na yi kamiyo ya kwashe jama'ar gari, sai mu da jakuna.

Na so in yi kuka, Kaka ta ce in adana ruwan idon, ba mu da wani.

Don haka duk wanda zai bi ta mahauta yau, ya gaya wa kawuna Alƙasum uwarsa ta jiya tana jin ƙishirwa.