Ranar da Gwamnati ta Ƙwace Safata

Duk tsufan da zan yi, ba zan taɓa mantawa da fitata ta farko aikin sa ido ba. Lokacin ban daɗe da gama karatun jami'a a College Park ba, na samu aiki a wani ofishi a Washington da ke bibiyar yadda ɗakunan binciken gwamnati ke kwashe sharar nukiliya. Wa'adin gwaji aka ba ni, kuma shugabata, wata Baturiya da muke kira Madam, wadda ba ta dariya sai da dalili, ta gaya mini ɓaro-ɓaro cewa rahoton wannan fita shi zai nuna ko zan zauna ko zan tattara. Ga matata da tsohon ciki, inshorar asibitinta kuma a jikin aikin nan take.

Wani tsohon gini muka je a bayan gari cikin Maryland, inda ake kankare burbushin nukiliya daga bango da daɓe. Ƙa'idojin shiga irin wurin nan kuwa na haddace su tsaf a takarda (har gyara wa wani abokin aikina na yi a mota, Allah ya yafe mini). Ana dab da shiga na nemi izini na zaga bayi. Mai yi mana jagora ya ce in na fito in tsaya a bakin ƙofa, zai dawo ya ɗauke ni.

Na fito, ba kowa. Sai ƙofa a buɗe, ga takalma an jera su reras a gefe, har da na shugabata, ga kuma wata 'yar shimfiɗa shuɗiya a bakin shiga. To ni dai tun da aka haife ni, in na ga takalman manya a ƙofa da shimfiɗa a gaba, ƙafata ba ta shawara da kaina. Kafin in ankara na tuɓe nawa, na jera su a kusa da na Madam cikin ladabi, na sa kai. Ina jin har sallama na yi a hankali.

Shimfiɗar nan ta kama mini safa kamar ƙaro. Na ce a raina, ka ga ƙazanta, kuɗi iya kuɗi amma an kasa wanke tabarmar ƙofa. Na ciro littafina na rubuta, ina murna na samu laifin farko. (Ashe da gangan aka yi ta da danƙo, don ta cire ƙurar da ke ƙasan takalmi. Takalman robar da ake canzawa kuwa suna nan jibge a bayan ƙofa, ban ko kalli wajen ba.)

Taku goma na yi na iske su, kowa cikin farar riga har wuya da ƙaton takalmin roba. Suna ganina wani ya daka tsawa da Turanci cewa kada kowa ya motsa. Na ɗauka wani abu ne ya fashe, na shiga waige-waige ina neman inda yake yoyo. Har na matsa kusa da Madam, biro a hannu, na tambaye ta me ya faru don in rubuta. Ƙasa kawai take kallo. Na bi idonta, na ga ƙafafuna.

Wani dattijo baƙar fata ya taho da na'urar awon burbushin nukiliya mai ƙaf-ƙaf. Ya dubi sunan da ke ƙirjina, ya dube ni, sai na ji Hausa tsagwaronta irin ta Zangon Kumasi.

"Ɗana, nan ya yi maka kama da masallaci ne?"

"Baba, wallahi takalma na gani a ƙofa."

"Ɗaga ƙafa. Shekara da shekaru ina aikin nan, ban taɓa ganin insifeto ya shigo da safa ba. Ɗaga ɗayar."

Haka na tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, Baba Isaka (daga baya na san sunansa) yana bin tafin ƙafata da na'ura, mutum takwas suna kallo. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, ga tsoro, don tunanin matata kawai nake yi. Allah ya taimake ni ba a samu komai ba. Amma ƙa'ida ta ce duk abin da ya taɓa daɓen nan ba ya fita. Aka sa safar hannu biyu aka tuɓe mini safata, aka ɗaure a leda, aka manna mata lamba, aka jefa a durom. Har yau tana wani wuri gwamnatin Amurka na gadinta.

A hanyar komawa Madam ta ce in rubuta duk saɓa ƙa'idar da aka yi a ranar, kada in rage ko ɗaya. Na duba littafina. Ma'aikatan wurin ba su yi kuskure ko guda ba. Laifi biyu aka yi, shiga ba jagora da shiga ba takalmi, duka nawa ne. Na so in rubuta "wani baƙo", na goge, na sa muƙamina yadda yake, na ƙara da cewa ƙofar ba ta da allon gargaɗi. Na miƙa mata ina jiran takardar sallama.

Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce ta daɗe tana neman mai sa ido da zai iya kai ƙarar kansa. Aiki ya tabbata, aka haifi 'yata lafiya, aka kuma kafa allo a ƙofar. Abin da na koya shi ne, in an tura ka duba ko mutane na bin doka, ka fara leƙa ƙafarka kafin ka buɗe littafi.