Sarauniyar Wuyan Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Rabi ba, ranar da na tara jama'a da kaina don su kalli kunyata.

Ina koyar da tarihi a wata lakwal a nan Dakoro. Wata rana a Maraɗi, wajen mai sayar da tsoffin littattafai a bakin hanya, na tsinci katalog na wani gwanjo da aka yi a Faransa tun da daɗewa. Duk hotunan tsoffin kuɗin ƙarfe ne, kowanne da farashinsa a ƙasa. A wani shafi na ga kuɗin azurfa mai hoton wata sarauniya mai kumatu. Na ƙura mata ido. Wannan matar ai na san ta, tun ina yaro take rataye a wuyan Gwaggo Hajo, yayar babana.

Ban tambayi Gwaggo komai ba (mai ilimi ai ba ya tambaya). A fada, wajen hirarmu da abokai, kawai na riƙa cewa akwai dukiya a gidanmu, har na yi alkawarin kai tsohuwar Makka.

Ranar bikin, bayan an ci tuwo, na karɓo abin wuyan, na baje katalog a kan tabarma gaban dangin ango. Na yi bayani da Hausa, na ƙara da Faransanci don abin ya yi nauyi. Kuɗin yana yawo daga hannu zuwa hannu, ana ta cewa, "Kai, Mushe ya yi karatu." Mushe dai haka ake kiran malamin lakwal a nan.

Sai ya isa hannun Agali, wani tsohon maƙeri da ya zo daga Azagor. Ya juya shi, ya ɗan kankare gefen da farce.

"Mushe, shekara nawa ka ce ya yi?"

"Ya haura ɗari biyu, Baba."

"To, ban kai haka ba. Ni na zuba shi."

Ya ce shekarar da fari ya kashe dabbobi, Gwaggo ta sayar da na ainihin ta sayo hatsi. Don kada wuyanta ya zauna haka, ta kawo mashi cokula biyu, ya narka, ya zuba mata wannan.

Na ji kamar in naɗe kaina cikin tabarmar. Daga zaure muka jiyo muryar Gwaggo: "Ɗan nan, da ka tambaye ni ai da na faɗa maka. Hatsin ma babanka ya fi kowa ci."

Nan dariya ta ɓarke, har ango sai da ya share hawaye.

Har yau a fada Alhaji Cokali suke ce mani, kuma ina amsawa. Katalog ɗin yana nan, ina nuna wa ƴan ajina hotunan. Amma yanzu kafin in buɗe littafin Bature a gaban mutane, sai na fara leƙa ɗakin Gwaggo na ji ko ta riga shi sani.