Shatin Haƙorana a Goron Cif

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya kusa rusa aikin da ƙafafuna suka daɗe suna yi wa zirga-zirga. Har yau in na ga goro a faranti, hannuna da kansa yake neman aljihu.

A Anaca aka haife ni, a unguwar Hausawa da ke kusa da Head Bridge. Mahaifina mahauci ne, amma ni na fi zama cikin 'ya'yan maƙwabta fiye da rumfar nama, shi ya sa yaren Ibo ya zauna daram a bakina. Baiwa ce Allah ya ba ni, ni kuwa na mayar da ita sarauta. Duk inda aka ɗauko hirar Ibo sai na gyara murya na ce, "Ai ku ba ku san mutanen nan ba." (Abokaina sun daɗe da laƙaba mini Farfesa. A lokacin na ɗauka yabo ne.)

Muna da 'yar ƙungiyar raya al'adu ta matasan unguwa, ni ne sakatare. Burinmu shi ne mu haɗa makaɗanmu da wasu masu gurmi daga Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, da kuma masu rawar Ibo, su yi wasa a fili guda a nan Anaca. In an dace, masu rawar su rama ziyara a Nijar. Kowa ya yarda, saura mutum ɗaya: Cif Obiora, wani dattijo mai jar hula, uban ƙungiyar masu rawar, kuma filin da muke so na zuri'arsu ne. In ya ce a'a, magana ta mutu. Na yi sintiri gidansa har karensa ya daina yi mini haushi, amma kullum amsarsa ɗaya ce: ba ya ƙulla zumunci da mutumin da bai ga ƙwayar idonsa ba.

Dalilin ke nan da ya sa Malam Isuhu, shugaban masu gurmin, ya taso tun daga Damagaram a mota, da tsufansa da ciwon gwiwarsa. Ba ya jin Turanci balle Ibo, Cif kuma Hausarsa ba ta wuce "nawa ne" ba. Ni ne gadar da za su bi su haɗu. Muka tafi da Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, dillalin shanu, don ya zama babbanmu.

A cikin keke napep, kan hanyar gidan Cif, na buɗe makaranta.

"Baba, ku saurare ni da kyau," na ce wa Malam Isuhu. "Goro a nan ba irin namu ba ne da kowa zai ciro daga aljihu ya jefa baki. Mai gida zai fito da shi a akushi, a zaga da shi hannu zuwa hannu. Ku taɓa kawai, ku miƙa gaba. Sai ya koma wurin mai gida, ya yi addu'a a kai, ya ɓara, a duba ɓari nawa ya fita, sannan a ci. Don Allah, Baba, kada ku ba mu kunya."

Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "To, ɗana, Allah shi kiyaye." Ban ƙyale shi ba sai da na sa ya maimaita. Kawu Sale dai kallona kawai yake.

Ga abin da ban gaya muku ba. Ni macin goro ne na bugawa a jarida, musamman in hankalina ya tashi. Ran nan kuwa tun asuba ban sa ko ɓari a bakina ba, wai don kada haƙorana su fito ja a hoto. Karyawa ma ban yi ba saboda ɗoki.

Muka tarar da falon Cif cike da dattawa, jajayen huluna reras. Bayan gaisuwa ya shiga ciki ya fito da ɗan akushin katako, da goro guda ɗaya tal a ciki, irin nasu mai ɓari da yawa wanda muke kira hannun ruwa. Ya ce daga bishiyar da mahaifinsa ya shuka ya fito, ya daɗe yana ajiyarsa domin wannan baƙo. Na fassara, har da ƙarin gishiri.

Akushi ya fara zagaye, Cif kuma ya ci gaba da jawabin maraba mai tsawo, ni ina bin sa da Hausa. Kawu Sale ya taɓa, ya miƙa. Malam Isuhu ya taɓa da yatsu biyu kamar mai taɓa ƙwai, ya miƙo mini. Daidai lokacin Cif ya ɗauko wata doguwar magana kan kakanninsa, na tattara hankalina duka ina neman yadda zan juya ta. Kaina yana can yana aiki. Hannuna kuwa ya ga goro, ya yi abin da ya saba.

Ƙaras!

Wallahi ban san na yi ba sai da ɗacin ya sauka a harshena. Na dubi hannuna, ga rabin goron Cif da shatin haƙorana a jiki, har da gurbin wushiryata. Wani dattijo ya ɗora hannu biyu a ka ya kira sunan Allah da yarensu, "Chineke!" Wani daga baya ya ce da Turancin buroka, "E don chop am!" wato ya cinye. Haɗiyewa ta gagara, tofarwa ta gagara. Haka na zauna da kunci a kumbure, na rasa inda zan sa idona.

Kuma don asirina ya ƙarasa tonuwa, sai na lallaɓa na mayar da guntun cikin akushin. (Har yau ban san me na yi tunani ba. Ko na zaci zai warke ne?)

Cif ya daɗe yana kallona, sannan ya yi magana a hankali. Malam Isuhu ya juyo ya ce, "Mi ya ce?"

A nan ne na gane irin ramin da na faɗa. Babu wani tafinta a ɗakin sai ni.

"Ya ce... an ɗan samu kuskure," na faɗa da goro a baki.

"Ƙarya kake," in ji Kawu Sale. Ashe Ibon da ya tsinta a kasuwar shanu, in bai iya komai ba ya iya zagi. "Faɗa masa daidai, ɗan nema."

Na sunkuyar da kai. "Ya ce ko akuyar gidansa ta san ba a fara cin goro kafin addu'a."

Haka aka yi ta yi. Dattijo ya miƙe ya wanke ni tas da Ibo, ni kuma in juya in wanke kaina da Hausa, Kawu yana gefe yana gyara mini inda na rage. Har aka zo kan maganar da ta fi zagin zafi. Cif ya ce goron da aka ciza ba a addu'a a kansa, taron da ba a ɓara goro ba kuwa ba a yi shi ba, don haka baƙo ya yi haƙuri da wahalar hanya. Da bakina na faɗa wa tsohon da ya ƙetaro ƙasa da ciwon gwiwa cewa ya zo a banza.

Malam Isuhu ya saurare ni har ƙarshe. Can ya gyara zama ya ce, "Gaya mishi yaron ya yi wauta, ba mu musu. Amma ka tambaye shi, ya san mi cin goro ka nufi a wurinmu?"

Na fassara. Cif ya ɗaga gira.

"Mu in za mu yi biki, goro muke rabawa. Wanda ya karɓa ya ci, to ya ɗaure kanshi, dole ya zo ko da rarrafe. Yaron ga ya ci naka tun ba ka gama magana ba. Ke nan mu mun amsa kiranka, ba mu da hanyar gudu."

Sannan ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya ciro wani ƙunshin ganye, ya warware. Farin goro ne ƙato, mai sheƙi. Ya ajiye a gaban Cif da hannu biyu ya ce, "Ga namu. Ba mu tilasta ba."

Cif ya dubi goron, ya dubi tsohon, ya dube ni. Ya kira matarsa ta kawo wani hannun ruwa. Da aka fara zagaye da shi ya ce a tsallake ni, kuma in zauna a kan hannayena. (Na zauna a kansu. Na kuma fassara umarnin.) Ya yi addu'arsa, ya ɓara, ɓari huɗu suka fita, dattawa suka yi gunagunin jin daɗi don a wurinsu alamar zaman lafiya ce. Kawu Sale ya yi tamu addu'ar, kowa ya ci.

Sai Cif ya ɗauki farin goron Malam Isuhu. Na zaci wuƙa zai nema. Ya juya shi a hannu, ya kafe ni da ido, ya kai baki.

Ƙaras!

Falon ya kece da dariya, har da mai "Chineke" ɗin nan. Malam Isuhu ya miƙe da gwiwar tasa ya rungume shi. Wannan karon babu wanda ya nemi fassara.

An yi wasan, gurmi da gangunan Ibo suka haɗu kamar dama can sun san juna, daga baya masu rawar suka je Damagaram, Cif a gaban mota. Sai dai guntun goron nan bai yar da shi ba. Ya busar da abinsa ya sa a 'yar kwalba. A filin Anaca ya ɗaga shi sama ya ba da labari, a Damagaram ma ya ɗaga, kuma kun san wanda ya riƙe makirufo yana juya labarin da Hausa. A unguwa yanzu an sauke ni daga Farfesa, yara Ƙaras suke kirana.

Abin da na koya shi ne, kafin in tsaya koya wa dattijo ladabin gidan mutane, in fara karyawa, in ci gorona tun daga gida. Hoton ma da na hana kaina goro dominsa an ɗauka, yana rataye a falon Cif. Kowa ya fito fes yana murmushi, ni kaɗai ne da kumburarren kunci, don har lokacin ban haɗiye goron Cif ba.